Tarihin Mumbari da Darasin da Ya Bar wa Masassaƙa

Daga cikin dukan kayayyakin da hannun masassaƙi ya taɓa fitarwa daga itace a ƙasashen Musulmi, tun daga akwatin amarya har ya zuwa ƙyauren fadar sarki, babu wanda aka zuba wa dukiya, aka ƙure masa hikima, aka kuma yi haƙurin jiran kammalarsa shekara da shekaru, kamar mumbarin masallacin Juma'a. Dalili kuwa shi ne, sarki ne da kansa yake kiran gwani ya ɗora masa aikin, a auna wurin da zai tsaya, a zaɓo itace daga nisan duniya, a yi shi guda ɗaya tak saboda masallaci ɗaya. Kuma da yake kowace Juma'a idon jama'ar gari duka yana kansa, sai ya zama shi ne littafin da masassaƙan kowane zamani suke zuwa su karanta, su auna, su koma rumfunansu su gwada abin da suka gani. Tarihin waɗansu daga cikin waɗannan mumbarori nake nufin bayarwa a nan, domin a ga yadda aikin mutum ɗaya, in ya kyautata shi, yake iya karantar da waɗanda ba a ko haifi kakanninsu ba a lokacin da ya ajiye gizagonsa.

Asalin al'amarin ya faro ne a Madina, cikin sauƙi irin na farkon Musulunci. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana jingina da kututturen dabino idan zai yi huɗuba, har lokacin da jama'a suka yawaita, na bayan sahu suka bukaci su riƙa ganinsa suna jin muryarsa. Malaman hadisi sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu, Allah ya yarda da shi, cewa an aika wa wata mace daga cikin Ansaru wadda take da bawa masassaƙi, aka nemi ta sa shi ya haɗa waɗansu itatuwa da za a riƙa hawa. Shi kuwa ya tafi wani daji da ke kusa da Madina mai suna Gaba, ya saro itacen da Larabawa ke kira ɗarfa'u, ya yi mumbari mai matakai uku, ba ado ba ƙawa. Wannan ya faru ne wajen shekara ta 7 ko ta 8 bayan Hijira. A zamanin Mu'awiya, gwamnan Madina Marwanu ɗan Hakamu ya ƙara masa matakai shida daga ƙasa, suka zama tara. Ya ci gaba da zama a wurinsa, ana gyara shi idan ya tsufa, har gobarar da ta kama Masallacin Annabi a shekarar 654 ta Hijira, wato 1256 ta Miladiyya. Daga nan sarakunan Yaman da na Masar suka yi ta aiko da madadinsa ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan na dutsen marmara wanda Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya ta Turkawa, Muradu na Uku, ya aiko a 1590, shi ne kuma yake tsaye a yau.

Mafi tsufa daga cikin mumbarorin itace da suka wanzu har zamaninmu yana babban masallacin Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, birnin da almajiran ƙasar Hausa suka san sunansa tun kafin su san inda yake, domin can ne garin Sahnunu mai Mudawwana da Ibn Abi Zaidin mai Risala. An yi shi a zamanin amirin Aglabawa Abu Ibrahima Ahmadu, wajen shekarar 862, da itacen saj, wanda yake fitowa daga ƙasashen Indiya, kuma wanda aka sani da jure wa gara da laima. An harhaɗa shi ne da ɓangarori fiye da 300, aka jera ƙananan alluna a gefensa biyu, kowane allo an huda shi an sassaƙa masa nasa zane: wannan ganyen inabi ne da rassansa, wancan saƙa ce ta layuka masu ratsa juna, na gaba da shi kuma wani abu dabam, har mai kallo ya gaji da neman biyu masu kama da juna. Wanda ya lura zai gane cewa tun a wannan lokaci masassaƙa sun riga sun kama wata hanya wadda za su bi har ƙarnoni masu yawa, watau gina babban abu da ƙananan guntaye maimakon faffaɗan katako guda.

Abu biyu ne suka kai su ga wannan hanya, larura da ilimi. Larurar ita ce, ƙasashen Masar da Sham da Iraƙi ba su da yalwar manyan itatuwa, itace mai kyau kuwa tsada gare shi, don haka ba a yarda a zubar da ko ɗan guntun da bai kai tafin hannu ba. Ilimin kuwa shi ne handasa, wato sanin awon da'ira da kusurwa da layi, wanda malaman Bagadaza suka gada daga Yunanawa suka kuma ƙara masa. Abul Wafa'i al-Buzajani, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 10, ya wallafa littafi sukutum a kan abin da mai sana'a yake bukata na handasa, ya kuma ba da labarin majalisun da aka haɗa masana lissafi da masu aikin hannu, inda ya nuna cewa masani yakan san hujja amma hannunsa bai saba da aiki ba, mai sana'a kuwa yakan fitar da abin da ido ya yarda da shi amma awo ya ƙaryata shi. Bayansa da kusan shekara 400, Ibn Khaldun ya keɓe wa sana'ar sassaƙa fasali a cikin Muƙaddima, ya tabbatar da cewa ba ta kammala sai da handasa, domin fitar da sura daga tunani zuwa ga itace yana bukatar sanin yadda awo yake dacewa da awo.

Ya kamata a nan mu tsaya kaɗan a rumfar gwani mu ga yadda aikin yake tafiya, domin a cikinsa sirrin yake. Da farko yakan shimfiɗa takarda ko allo mai faɗin gefen mumbarin, ya kafa ƙafar kamfas ya zana da'ira, ya raba ta kashi takwas, ko goma, ko goma sha biyu, ya ja layuka daga wannan ɗigo zuwa wancan har tauraro ya fito a tsakiya. Sa'an nan ya miƙa layukan tauraron su wuce da'irar, su haɗu da na tauraron da ke maƙwabtaka da shi, sai tsakaninsu ya haifar da waɗansu surori masu kusurwa biyar ko shida. Kowane layi a zanen nan zai zama siririn sanda na itace, kowane fili da layukan suka kewaye zai zama ɗan allo. Sai ya fere wa kowane sanda kwari a gefensa biyu, ya bar wa kowane ɗan allo harshe a kewayensa, ta yadda harshen zai shige cikin kwarin ya zauna daram. Sandunan kuma a yanke bakinsu bisa kusurwar da zanen ya hukunta, su riƙe juna. Ba ƙusa, ba gam. Larabawa suna kiran wannan aiki ta'ashiƙi, Turkawa kuwa kundekari. Fa'idarsa ita ce, itace ba ya daina motsi ko bayan an sare shi, yana kumbura idan ya sha laima, yana tsukewa idan iska ta bushe. Faffaɗan katakon da aka danne da ƙusa ba shi da inda zai motsa, sai ya tsage ko ya karkace, amma ɗan allon da yake zaune cikin kwari yana da sararin da zai numfasa, ya kumbura ya koma, shekara ɗari bayan ɗari, ba tare da an ga alama ba. Sharaɗin kawai shi ne kada a kuskure awo, domin kuskuren da bai kai kaurin farce ba a tauraro na farko, kafin a kai na biyar ya zama ɓaraka wadda ba ta rufuwa. An ga wannan salo ya bayyana sarai a mumbarin da wazirin Faɗimiyyawa Badarul Jamali ya sa aka yi a Asƙalan a 1091, wanda yake yanzu a masallacin Annabi Ibrahimu a birnin Halil, da kuma na masallacin Ala'uddini a Konya, na shekarar 1155.

A yammacin duniyar Musulmi kuwa, Ƙurɗuba ta Andalus ita ce uwar wannan sana'a, kuma ko bayan da halifancinta ya rushe, sunan masassaƙanta bai faɗi ba. Saboda haka, lokacin da sarkin Murabiɗai Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin ya so mumbari domin masallacin da ya gina a babban birninsa Marrakush, can ƙetaren teku ya aika da umarni, aka fara aikin a farkon shekarar 532 ta Hijira, wato 1137, aka yi shi gunduwa-gunduwa, aka ɗauko shi ta ruwa da ta tudu, aka harhaɗa shi a Marrakush. Tsayinsa ya kusa mita huɗu. Gangar jikinsa itacen al'ul ce, an lulluɓe ta da saƙar layuka waɗanda aka jera da ƙananan guntayen ƙashi da na itatuwa masu launi dabam-dabam, suna ratsa juna suna fitar da taurari masu kusurwa takwas. A tsakanin layukan kuma aka dasa ƙananan alluna na baƙin itacen Afirka da na magarya da waninsu, kowanne an sassaƙa masa rassa da ganyaye masu zurfi, sirara ƙwarai, har mutum ya yi mamakin irin ƙarfen da ya shiga tsakaninsu bai karya su ba. An sa masa ƙafafun gangarawa a ƙarƙashi, bisa al'adar Magrib, inda ake ajiye mumbari a wani ɗaki kusa da mihrabi, sai ranar Juma'a a fito da shi.

Shekara goma bayan fara wannan aiki, a 1147, Muwahhidai a ƙarƙashin Abdulmumini suka ci Marrakush da yaƙi, suka kawar da daular Murabiɗai, suka rushe masallatansu bisa hujjar cewa alƙiblarsu ta karkace. Amma da suka zo kan mumbarin nan, hannunsu bai iya taɓa shi ba, sai suka ɗauke shi suka kai sabon masallacinsu, wanda aka sani da Kutubiyya, da sunansa kuma ake kiran mumbarin har yau. Masu tarihi sun ce wani injiniya daga Malaƙa, Alhaji Ya'ishu, ya ƙera wata na'ura wadda take fito da shi daga ɗakinsa da kanta idan liman ya taso. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga zancenmu shi ne yadda ya zama abin koyi. Mumbarin masallacin Ƙarawiyyin na Fas, wanda aka gama a 1144, ɗan'uwansa ne a salo. Wanda Yaƙubu al-Mansur ya sa aka yi wa masallacin Ƙasba a ƙarshen wannan ƙarni, daga gare shi ya ɗauko tsari. Haka na makarantar Bu Inaniyya ta Fas a tsakiyar ƙarni na 14, a zamanin Marinawa. Haka na masallacin Mawasin na Marrakush a ƙarni na 16, a zamanin Sa'adawa. Dauloli huɗu ke nan, kowace ta hau bisa kangon wadda ta gabace ta, amma masassaƙansu duka malami ɗaya suka yi wa almajirci, kuma babu wanda ya kwafe shi baki ɗaya: wannan ya sauya yawan kusurwar tauraro, wancan ya sauya itace, wani ya sauƙaƙa sassaƙar gwargwadon ƙarfin hannunsa. An ci gaba da hawan mumbarin Kutubiyya har 1962, sa'an nan aka ajiye shi. A 1996 da 1997 ƙwararru daga gidan tarihi na Metropolitan da ke New York tare da hukumomin Maroko suka gyara shi, yana nan a fadar Badi'i ta Marrakush.

Mumbarin da labarinsa ya fi taɓa zuciya, duk da haka, a Halab ta ƙasar Sham aka yi shi. A shekarar 1099 mayaƙan Salibiyya daga Turai suka kama Baitul Muƙaddas, wato Ƙudus, suka mai da Masallacin Aƙsa fada, daga baya kuma mazaunin wata ƙungiyar mayaƙansu. Nuruddini Mahmudu ɗan Zanki, wanda ya gaji mulkin Halab a 1146 ya kuma haɗa da Dimashƙa a 1154, mutum ne da masu tarihi suka shaida da adalci da gudun duniya. A shekarar 564 ta Hijira, wato 1168 zuwa 1169, alhali Ƙudus tana hannun abokan gaba, babu kuma wata alama ta kusa da ke nuna za ta fita, sai ya tara gwanayen masassaƙan Halab ya umarce su da su yi mumbari domin Masallacin Aƙsa, su ƙure iyawarsu a kansa, kada su dubi tsada ko tsawon lokaci. Suka yi shi bisa hanyar ta'ashiƙi, suka cusa masa baƙin itace da hauren giwa, suka kewaye shi da ayoyi da rubutun tarihi, suka ɗora wa ƙofarsa rawani mai hawa-hawa irin wanda ake kira muƙarnas. Wani abin lura shi ne, sun rubuta sunayensu a jikinsa, cikinsu har da Salmanu ɗan Ma'ali da Humaidu ɗan Zafiru, abin da ke nuna cewa masassaƙi a wancan zamani mutum ne mai daraja, wanda sunansa yake iya zama a allo ɗaya da na sarki. Nuruddini ya rasu a 1174 bai ga ranar da ya yi wa tanadi ba, mumbarin kuwa ya zauna a Halab yana jira.

Ranar ta zo a hannun Salahuddini al-Ayyubi, wanda ya tashi a hidimar Nuruddini. Bayan nasarar yaƙin Hiɗɗin a watan Yuli na 1187, ya karɓi Ƙudus ranar 27 ga Rajab, 583, wato 2 ga Oktoba, bayan shekara 88 tana hannun Salibiyya. Aka tsarkake masallacin, Alƙali Muhyiddini ɗan Zaki na Dimashƙa ya yi huɗubar Juma'a ta farko. Da Salahuddini ya yi niyyar sa a yi mumbarin da ya dace da wurin, sai aka tuna masa da wanda ubangidansa ya tanada, ya aika Halab aka ɗauko shi aka kafa a gefen mihrabi. Sana'ar kuwa ba ta tsaya nan ba. Tun a 1178 wani masassaƙi mai suna Ubaidu, wanda aka fi sani da Ibn Ma'ali, ya yi wa kabarin Imamu Shafi'i a Alƙahira akwatin itace bisa wannan salo, masana kuma suna ganin daga gidan su Salmanu ya fito. Daga nan hanyar ta ƙara kafuwa a Masar, ta kai ƙololuwa a zamanin Mamalik, a mumbarin da Sultan Lajin ya sa wa masallacin Ibn Ɗulun a 1296 da waɗanda aka yi a zamanin Ƙaitbai a ƙarshen ƙarni na 15, taurarinsu suna ƙara yawan kusurwa, hauren giwarsu yana ƙara laushin sassaƙa, kowane gwani yana neman ya ɗara malaminsa da taki ɗaya.

Shekara 782 mumbarin Nuruddini ya yi a Masallacin Aƙsa. Da safiyar Alhamis, 21 ga Agusta, 1969, shekara biyu bayan Isra'ila ta mamaye gabashin Ƙudus, wani mutumin Ostareliya mai suna Denis Michael Rohan ya shiga masallacin ya cinna wuta a gindinsa. Wutar ta cinye shi, ta kama rufin sashen kudu maso gabas, ba a tsira da komai daga gare shi ba sai 'yan guntaye, waɗanda suke ajiye a gidan tarihin Musulunci da ke harabar masallacin. Kotun Isra'ila ta yanke cewa mutumin yana da taɓin hankali. Baƙin cikin wannan gobara ne ya tara shugabannin ƙasashen Musulmi a Rabat cikin watan Satumba na wannan shekara, taron da ya haifi ƙungiyar ƙasashen Musulmi wadda ake kira OIC. Amma a bayan wannan hasara ta fili akwai wata ta ɓoye wadda ba a gane girmanta ba sai da aka tashi mayar da abin da ya ƙone, domin a sa'an nan ne aka tarar cewa ilimin da ya haifi mumbarin ya kusa ƙarewa daga hannun mutane tun kafin wuta ta taɓa itacensa: injin yanka katako da ƙusa da gam sun sauƙaƙa wa kafinta aiki, 'ya'yan gwanaye sun kama waɗansu sana'o'i, waɗanda suka iya ta'ashiƙi na gaskiya kuwa sun zama 'yan ƙalilan, a warwatse cikin ƙasashe.

A 1993 Sarki Husaini na Jodan ya ba da umarnin a sake yin mumbarin kamar yadda yake, da irin hanyar da aka bi aka yi na farko. Abin da ke hannu shi ne tsofaffin hotuna da guntayen da wuta ta rage, kuma hoto yana nuna fuskar zane ne kawai, ba ya faɗin inda aka kafa ƙafar kamfas. Wani injiniya, Minwar al-Mahid, shi ya ɗauki nauyin warware wannan. Ya yi ta bibiyar zanen yana komawa da baya, daga tauraro zuwa da'irar da ta haife shi, daga da'irar zuwa awon da aka gina dukan mumbarin a kansa, har ya fitar da taswirar kowane sanda da kowane allo. Aka buɗe ma'aikata a Jami'ar Balƙa da ke birnin Salɗ, aka nemo gwanaye daga inda duk sana'ar ta rage da rai: masu kundekari daga Turkiyya, masu aikin itace daga Masar, masu sassaƙar furanni daga Jepara ta tsibirin Jawa a Indunusiya, tare da 'yan Jodan da suka zauna suna koyo a gefensu. Aka fara aikin hannu a 2002, a zamanin Sarki Abdullahi na Biyu, da itacen jauzu da baƙin itace da hauren giwa, aka fere guntaye kimanin 16,000, aka harhaɗa su ba ƙusa ba gam, aka kai shi Ƙudus aka kafa a farkon 2007. Wuta ta cinye shi a safiya ɗaya, mayar da shi ya ci kusan shekara 38. Kuma mafi yawan waɗannan shekaru ba a sassaƙa aka kashe su ba, a neman wanda ya san yadda ake yi ne.

Hukuncin da nake fitarwa daga wannan tarihi shi ne, kyakkyawan aiki yana karantarwa ne muddin akwai masu zuwa su karanta shi da hannunsu, kuma amfanin tsohon gwani ga sabon masassaƙi yana cikin gane dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi, fiye da kwaikwayon adon da ya bari a sama. Mu ma a ƙasar Hausa wannan magana ta shafe mu. Masassaƙanmu na gargajiya sun gwanance wajen fitar da turmi da akushi da kujerar mata da allon karatu daga gungume guda, maƙwabtanmu Nufawa kuma sun shahara da kujeru masu ƙafafu da yawa da ƙyamare masu zane. Ido mai sanin awo kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, ga shi nan a zayyanar Alƙur'ani, da aska takwas ta babbar riga, da dagin da ake yi a fuskar soro, da bakan ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga a masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Larurar da ta koya wa mutanen Masar da Sham hikima ita ce take ƙwanƙwasa mana ƙofa yau, domin maɗaci da madobiya da ƙawo suna ƙaranci suna tsada, guntayensu kuwa ana share su daga rumfar kafinta a kai murhu. Ƙyauren da ya ƙi rufuwa da damina, ya kuma tsage da hunturu, kowane magidanci ya san shi, maganinsa kuwa an gano shi tun shekara 900 da suka wuce.

Saboda haka ina kira ga kafintocinmu, musamman samari masu tasowa, da su nemi hotunan waɗannan mumbarori, waɗanda a yau suna samuwa a wayar da ke aljihunsu, su sayi kamfas da rula, su fara da tauraro ɗaya mai kusurwa takwas a kan takarda, sa'an nan su gwada shi a murfin akwati ko a ƙofar kabad, har hannu ya saba. Ina kira ga makarantun koyon sana'a da su haɗa malamin lissafi da malamin katako a aji ɗaya, kamar yadda aka yi a Bagadaza. Ina kuma kira ga sarakuna da attajirai da kwamitocin masallatai, waɗanda su ne magadan Nuruddini da Aliyu ɗan Yusufu a wannan fage, da su riƙa ba gwanayen gida aiki na musamman, su biya su haƙƙinsu cikakke, su yi musu haƙurin lokaci, su bar su su rubuta sunansu a jikin abin da suka yi, su kuma shardanta musu cewa kowane aiki a yi shi da almajirai a gefe. Allah ya sa albarka a hannun masu sana'a, ya ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bari, amin.